Kada a Kashe Ta da Zafinta

Lokacin da idon Kawu ya fara rauni, Auta 'yar ƙanwarsa ce ta sayi motarsa. Baƙa ce wuluk, mai ƙasa-ƙasa, kujerun fata, irin ta manyan manajoji. Shi ma Kawun ta hannu ya saye ta. Dangi suka yi ta dariya: wai mace da tsohuwar motar tsere, ai a gareji za ta tare.

Ina! Ko tari motar nan ba ta taɓa yi mata ba. Auta na juye mai a kan kari, kuma tana riƙe da sharaɗin da Kawu ya gindaya ranar da ya miƙa makulli: in an sha doguwar tafiya, a bar injin a silo ya huce tukuna. Kada a kashe ta da zafinta.

Ran nan da hantsi, Inna matar Kawu ta bugo waya tana kuka. "Kawunki ya daina magana, abinci ma ya ƙi. Ya juya wa kowa baya."

Hankalin Auta ya tashi. Ta rufe kantin maganinta ta kama doguwar hanyar garin su Kawu. Kai, mota ta yi halinta! Da an taɓa totur sai ta miƙe, a kwana kuma ta lafe da kwalta, allurar zafi ko motsi ba ta yi ba.

Tana isa ƙofar gidan ta murɗe makulli, ta fito a guje.

Ba ta kai ga labule ba ta ji wata dusasshiyar murya daga ɗaki: "Wane mara hankali ne ya kashe ta da zafinta?"

Inna ta saki kwanon da ke hannunta.

"Ni ce, Kawu," in ji Auta.

"Ke? Haka na koya miki? Koma ki tayar da ita!"

Ta koma tana dariya tana hawaye. Murɗawa ɗaya inji ya kama, yana gurnani a hankali. Kawu ya sa aka riƙo shi har waje. Ya lalubi bonet ya dafa, ya karkata kai yana saurare.

"Kin riƙe amana," ya ce. Ya buɗe ƙofa ya zauna a kujerar direba. "To ku kawo min abincin nan mana. A nan zan ci."