Gasar Tunawa da Mai Agogo

Babana gyaran agogo yake yi, amma zuciyarsa tana wajen rediyo. Ba irin rediyon da ake jin labarai ba. Wata akwati ce a ɗakinsa, da ɗan maɓallin ƙarfe a gefe, yana dannawa yana saki, ƙara tana fita gajera da doguwa, tit-tiii-tit, wai shi ne Mos. Da wannan ƙarar yake hira da mutanen da yawancinsu bai taɓa ganin fuskarsu ba. Ƙungiya gare su, da shugaba, da gasa, da kofi, kai ka ce 'yan ƙwallo ne, alhali duk tsofaffi ne masu ciwon gwiwa.

A wurinsu kowa da hannunsa. Yadda kake gane muryar ƙanwarka ta bayan ƙofa, haka suke gane mutum daga yadda yake danna maɓalli, tun bai faɗi lambar kiransa ba. Hannun Baba kuwa ya yi suna. Ba ya gaggawa, ba ya jan ƙafa, kowane harafi a mazauninsa. Shi ya sa suke ce masa Mai Agogo, har waɗanda ba su san sana'arsa ba.

Sai ciwo ya zo ya shanye masa ɓarin dama. Baki ya dawo, ƙafa ta dawo da sanda, hannu ya ƙi. Na tattaro kayana na dawo gida jinya. Muka rufe shago, ya kuma kafa mini doka: kada in kuskura in gaya wa 'yan ƙungiya komai. Na ce don me? Ya ce ba ruwana. Ana nan iska ta karkata dogon ƙarfen eriyarsa zuwa kan rufin maƙwabci, maƙwabci ya yi ta ƙorafi har aka sauke. Baba dai ya sa na ɗaura masa siririyar waya daga taga zuwa bishiyar tsakar gida, ya ce saurare kawai zai yi da ita. Ya rufe maɓallin da wani tsohon hankici, kullum sai ya kunna akwatin ya zauna yana jin abokansa suna hira, shi ko tari ba ya yi.

Ranar gasar shekara, da hantsi, ina zaune ina murza masa yatsun hannun da ya mutu kamar yadda likita ta koya mini. Gasar hannu ce zalla, ba a yarda na'ura ta buga wa mutum ba, kuma Baba ya sha cinye kofinta. Akwatin tana ta tit-tit, yana fassara mini ba don na tambaya ba.

"Shugaba ne. Yana gaisuwa. Wai bana an sauya wa gasar suna."

Sai na ga yatsun hagunsa sun damƙe hannun kujera.

"Baba, lafiya?"

"Wai gasar tunawa da Mai Agogo," in ji shi. "Wai na rasu."

Na ɗauka wasa yake yi, sai na ga bai ko kalle ni ba. Ya ci gaba da fassara a hankali, muryarsa a bushe. Wani ɗan ƙungiya ne ya biyo ta layinmu, ya ga shago a rufe, ya ɗaga kai ya ga babu eriya, ya juya ya kai labari.

"Shi ke nan?" na ce. "Don an sauke ƙarfe sai a kashe mutum?"

"A wurinmu mai rai ba ya sauke eriyarsa. Magada ke saukewa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutanen da ke iya aika gaisuwa ta ƙetare teku, amma ƙwanƙwasa ƙofa ya gagare su! Na miƙe zan ɗauko waya in wanke shugaban nan tas, Baba ya ɗaga mini hannu.

"Zauna, uwata. Bar su."

"In bar su kamar yaya?"

"Kin ji abin da suke faɗa? Wai ba a taɓa hannu irin nawa ba. Bar su da wannan. Ya fi su ji abin da ya rage."

A nan na gane dokar da ya kafa mini. Ba ciwon yake ɓoyewa ba. Ya gwammace a binne shi da hannunsa mai kyau da a ji shi da rai yana tuntuɓe. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma ya fi tausayin yawa.

Suna da al'ada in ɗayansu ya rasu. Kafin a buɗe gasa, shugaba zai kira lambar mamacin kamar yana nemansa, kowa ya ɗauke hannu daga maɓalli, a saurara. In ba a amsa ba a sake kira, a sake saurarawa. Daga nan ba mai ƙara kiran lambar har abada. Ni ban iya Mos ba, amma lambar Baba na san ta kamar sunana, da ita na yi wayo. Na ji ta fito daga akwatin, sannan shiru, sai shuuu ɗin iska.

"Baba, kiranka ake yi."

Bai motsa ba.

"To ni da nake murza maka hannu kullum, gawa nake jinya? In ka yarda ka mutu, gaya mini in tafi gidana, yarana suna jirana."

Na san magana ce mai zafi, kuma da gangan na faɗe ta. Aka sake kira. Shirun ya sake sauka, ya yi tsawo. Sai na ga hannun hagunsa ya tashi, ya janye hankicin nan, ya jawo maɓallin gabansa.

Ko ni da ban iya ba na san abin da ya fita ba kyau. Gajerun suna tsayi, dogayen suna yankewa, ya tsaya a tsakiya ya sake farawa. Gumi ya keto masa a goshi. Da ƙyar ya kai ƙarshen lambarsa.

Amsa ta zo da sauri, kamar ana zazzaga tsakuwa a kwano. Fuskar Baba ta canza.

"Me ya ce?"

"Shugaba ne. Wai ko wane ne ke wasa da lambar mamaci ya ji tsoron Allah ya sauka. Wai sun san hannun Mai Agogo, wannan ba shi ba ne." Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Gaskiya ya faɗa ai."

Ya kai hannu zai kashe akwatin. Ban hana shi ba. Ni na tura shi, ga abin da ya samu.

Kafin yatsansa ya kai, wata ƙara ta shigo, can ƙasa-ƙasa, daga nesa. Wannan ba ta sauri. Harafi ɗaya, a huta, sannan wani, kamar mai taka wa tsoho rakiya. Baba ya tsaya da hannu a sama.

"Mai Jirgi ne," ya ce. Wani tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne, tun ina yarinya suke hira, ba su taɓa haɗuwa ba.

"Shi ma korarka yake yi?"

Baba ya kasa kunne har ƙarar ta tsaya.

"Ya ce shi ma bai san wannan hannun ba. Ya ce amma ba ɗan wasan da zai sha wannan wahalar don ya yi ƙarya. Ya ce in ni ne, in ci gaba da bugawa, kada in yi sauri. Wai yana so ya koyi sabon hannun."

Akwatin ta yi tsit. Ba shugaba, ba kowa. Duk 'yan gasar nan da suka wayi gari suna zumuɗin tara maki, ba wanda ya taɓa maɓallinsa.

Baba ya goge fuska da gefen rigarsa, ya gyara zama.

"Uwata, kawo matashi ki tallafa mini gwiwar hannun nan. Abin zai ɗauki lokaci."