A Bayan Mai Garkuwa

"Wannan kuma ɓarawo ne?" Sista ta tambaya, ta matso da fuska har tabaraunta ya kusa taɓa gilashin kwamfutar.

"Ɓarawo ne, Umma," in ji Auta, 'yarta ta ƙarshe. "Amma na kirki. Shi ke buɗe akwatuna, kuma ta baya yake kai hari."

"Ɓarawo na kirki. To, Allah ya shirye shi. Wuce."

Auta ta taɓa linzamin kwamfutar, ɓarawon ya ja gefe, wani tsoho mai doguwar hula ya fito yana juya wuta a tafin hannunsa. Sista ta yi a'uziyya tun kafin a gaya mata sunansa. Da tsufanta, ta ce, ba za ta shiga intanet ta zama matsafiya ba. Bayansa sai wata siririyar yarinya mai kwari da baka, wadda Sista ta duba sama da ƙasa ta yanke mata hukuncin ƙarancin jini. Daga nan sai wani ƙato mai sulke, riƙe da garkuwar da ta kai ƙofar ɗaki faɗi.

"Irin wannan ne na Yaya," Auta ta faɗa, ta ɗan rage murya. "Shi ke tsayawa a gaba."

Sista ta daɗe tana kallon ƙaton. Ƙafafunsa ta fi kallo.

Ta yi ritaya daga aikin jinya tuntuni, amma har yau unguwa ba ta san ta da wani suna ba sai Sista. Ɗanta na fari kuwa, wanda kowa ke kira Dogo, mai haɗa na'urar sanyaya ɗaki ne, har ranar da tsani ya zame da shi a bene na sama. Ya dawo gidan uwarsa a kan keken guragu, likitoci suna cewa a dai ci gaba da motsa jiki a gani. Tun daga ranar Sista ta koma bakin aiki ba tare da kowa ya ɗauke ta ba. Magani a kan lokaci, juyi a kan lokaci, duba dugadugai da ƙugu kada gyambo ya kama. A gaskiya ba asibitin da zai kula da shi haka, ita ma ta sani, kuma tana ɗan ji da kanta a kan hakan. Abin da ba ta lura da shi da wuri ba shi ne, hirarsu ta ƙanƙance ta koma "ka sha?" da "na sha."

Dariyarsa dai tana nan. Ta bango take jin ta, idan ya maƙala abin kunne ya shiga wasan nan nasa da abokan da ba ta taɓa gani ba. Jiya ta je kai masa ruwa, ta tarar yana magana da ɗayansu. "Idan an tashi daga ɗakin ƙasan nan na gidanku, ka gaya min," yake cewa. "Nan ba gida ba ne, ɗakin jinya ne." Ta koma da ruwan kicin ba ta shiga ba. Da safe ta ce wa Auta ta sa mata wasan.

"Saura ɗaya," in ji Auta, tana murmushin wanda ya ajiye mai daɗin a ƙarshe. Wata mata ta fito cikin farin kaya, da sanda a hannu da 'yar jaka a ƙugu. "Mai magani. Ita ke warkar da 'yan ƙungiya. Kuma su Yaya ba su da ita, kullum suna ƙorafi. Umma, ai ke aka zana."

Sista ta gyara zama. Wannan kam ba sai an yi mata dogon bayani ba. Ta dai tambayi abin da ke cikin jakar, Auta ta ce ba a buɗewa, Sista ta yi tsaki ta ce a danna.

Auta ta leƙa ɗakin yayanta ta gaya masa, ta dawo ta ɗora wa uwar abin kunne a saman ɗankwali. Sai ga Sista a tsakiyar wani ƙauye na ƙarya, tana tafiya tana karo da bango. Ƙaton mai garkuwa ya taho da gudu ya tsaya a gabanta. Da gudu.

"Babana, kai ne?"

"Ni ne, Umma." Muryar Dogo ta zo mata ta kunne, ta kuma zo ta bango. "Mai magani kika ɗauka."

"Auta ta ce ba ku da ita."

"Haka ne."

Abokansa biyu suka iso suka gaishe ta cikin ladabi. Ɗaya namiji ne mai muryar barci da suke kira Direba, shi ne ɓarawon ƙungiya. Ɗayar mace ce mai yawan dariya, suna ce mata Akawu, ita ke riƙe da wuta. Sista ta amsa gaisuwar Akawu a taƙaice. Direba kuwa murna har bakinsa na rawa. "Mama, kin cece mu," ya ce. "Akwai wani kogo, kullum a can muke ƙarewa."

Auta ta nuna mata aikin. Kowa yana da jan layi a saman kansa, shi ne ransa. Idan ya ragu, sai ta zaɓi mutumin ta danna wannan madanni, koren haske ya sauka a kansa. Amma hasken yana ƙarewa, sai ta riƙa lallaɓa shi.

"Yarinya," in ji Sista, "kin san gadaje nawa nake riƙewa ni kaɗai a zamanina?"

Suka shiga kogon. Wasu halittu masu kama da karnukan da suka sha yunwa suka yo kansu, Dogo ya daka tsawa ya tare su da garkuwa. Na farko ya kai masa cizo, jan layinsa ya ɗan motsa, motsin da sai mai neman sa zai gani. Sista ta gani. Ta sakar masa koren haske. Wani ya yakushe shi, ta ƙara. Ya matsa hagu ta bi shi, ya matsa dama ta bi shi, tana zuba masa haske kamar mai ban ruwan shuka.

"Mama, ni fa," in ji Direba.

Ba ta ji ba.

"Mama! Ni ma ɗan wani ne!"

Kafin ta gano inda yake, ɓarawon ya baje a ƙasa. Akawu ta bi bayansa tana dariya har da tari. Da babban dodon kogon ya fito, hasken Sista ya ƙare ƙaf a kan ƙurjewar da ba ta kai ta kawo ba. Dodon ya gama da Dogo a tsanake, sannan ya juyo ya taka ta.

Direba da Akawu suna ta dariya suna cewa ba komai, kowa haka ya fara. Dogo bai yi dariya ba.

"Umma, layina ko rabi bai kai ba."

"Na ga suna cizon ka."

"Aikina ke nan! Ni ne mai garkuwa, don a doke ni nake tsayawa a gaba. Nan ne kaɗai wurin da aka bar ni in sha duka don wani ya tsira. Ko a nan ma sai kin tsaya a kaina?"

Dariyar ta ɗauke. Aka ji Direba yana gyaran murya yana cewa bari ya je ya duba mota. Sista ta cire abin kunnen a hankali, ta ajiye shi a kan tebur, ta wuce kicin.

Auta ta same ta tana wanke kofunan da aka riga aka wanke.

"Umma, laifina ne. Ni na ce ki ɗauke ta."

"Ba laifinki ba ne. Ko ba ki ce ba, ita zan ɗauka." Ta ɗauraye kofi, ta kife shi. "Da a wurin aiki ne wata ɗaliba ta yi min abin da na yi yanzu, ta bar majinyata biyu ta tare a gado ɗaya, da ta ji ba daɗi a hannuna. Na sani sarai. Amma da na ga layin nan ya motsa, wallahi ban ƙara ganin kowa ba." "Tsoro nake ji, Auta. Tun ranar da aka kira ni ban daina jin tsoro ba. Ga shi tsoron nawa zai kore shi daga gidan."

Auta ta ɗauki tsumma tana goge kofunan. Ta bango babu motsi ko kaɗan, abin da ya fi tsawar ciwo.

Can Sista ta rufe famfo. "A cikin mutanen nan, wa ya fi saurin mutuwa?"

"Maharbiyar. Mai ƙarancin jinin nan taki. Ba ta da sulke, duka kaɗan ta faɗi. Idan babu mai tsaya mata a gaba, ba ta kai labari."

"Tana ba da magani?"

"Ko na ciwon kai."

Sista ta goge hannu a zani. "Zo ki goge min mai maganin, ki sa min maharbiyar."

"Sai kin sake farawa daga farko fa."

"Da ma ina na kai?"

Ba ta ji daɗin ganin matar mai farin kaya ta ɓace ba. Kwamfutar ma sai da ta tambaye ta ko ta tabbata, kamar ta san da wa take magana. Ta danna da kanta. Siririyar yarinyar ta fito tana gwada tsirkiyar bakanta, Sista ta ce a ƙara mata mayafi idan akwai, Auta ta ce sai an ci gaba ake samu.

Ƙaton yana nan a ƙauyen, tsaye shi kaɗai a bakin wata rijiya, ba ya yin komai. Sista ta nufe shi, ta yi karo da keken shanu, ta zagaya, ta tsaya a gabansa. Kanta bai wuce gwiwar hannunsa ba.

"Salamu alaikum. Ana neman maharbi a nan?"

Ƙaton ya juyo. "Umma? Me kika yi?"

"Na sake yin ritaya."

"Wannan ba ta da rai ko kaɗan fa. Kaza ma sai ta kashe ta."

"To, ka san yadda za ka yi da ni."

Ta ji ya ja numfashi, ya sake shi ta hanci, irin yadda yake yi tun yana yaro idan dariya ta kama shi bai shirya ba. "Kin iya harbi?"

"Tambayi duk wanda na taɓa yi wa allura."

Wannan karon dariyar ta fito. Auta ta juya baya ta shiga gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Bai kai ta kogo ba, ya ce sai ta yi ƙwari. Suka fita bayan ƙauye, wani fili mai ciyawa inda ƙananan kyarkeci ke yawo. "Tsaya a bayana," ya ce. "Kada ki wuce kafaɗata. Idan na tara su, ki harba."

Ta tsaya a bayansa. Daga nan ba ta ganin komai sai faɗin bayan da gefen garkuwa. Kyarkecin suka taso, ya tare su, jan layinsa ya fara sauka. Yatsanta ya tafi da kansa kan madannin da ɗazu ke ba da koren haske. Kibiya ce ta fita, ta soki wata bishiya da ba ruwanta.

"Bishiyar ta mutu, Umma. Saura kyarkecin."

Ta harbi sama. Ta harbi ƙasa. Layin nasa ya sauka har ƙasa da rabi, ba kuma abin da za ta iya yi sai kallo. Ta ga ya ja da baya taki ɗaya, ya juya garkuwa, ya make biyu lokaci guda, ya sha wani abu daga ƙugunsa, layin ya koma sama. Ashe ya san abin da yake yi. Murna ta sa ta matsa gaba don ta gani da kyau, ta wuce kafaɗar da aka ce kada ta wuce. Wani ƙaramin kyarkeci ya zagayo ya yi mata cizo biyu, yarinyar ta kwanta a ciyawa da bakanta.

"Umma! Na ce ki tsaya a baya! Wai da wane yatsa kike dannawa?"

"Da wanda Allah ya ba ni."

Ta ji ƙarar ajiye abin kunne, sai ƙofa, sai ƙugin tayoyi a kan siminti. Ya daɗe bai fito falo ba in ba ranar zuwa asibiti ba. Keken ya ɗan maƙale a bakin darduma. Sista ta yunƙura za ta tashi, ta tuna, ta koma ta zauna. Ya ja baya, ya sake turawa da ƙarfi, ya haye.

"Auta, janye kujerar nan." Ya faka a gefen uwarsa, kafaɗa da kafaɗa. "Kawo hannun. Ba haka ake riƙe linzami ba, ba almakashi ba ne."

Ya ɗora hannunsa a kan nata, ya shimfiɗa mata yatsu ɗaya bayan ɗaya. Tafin ya yi kanta saboda turin keke, akwai kuma wata sabuwar ƙurjewa a bayan babban yatsan, ta yi ja, tana neman a wanke ta a sa mata magani. Sista ta gan ta sarai. Ta san ma a wace durowa maganin yake.

"Wanne zan danna?" ta ce.