Ranar da Kofur Ya Zauna

Mai aski ya kai rabin kan tela ke nan, kilifa na kuka a hannunsa, sai ya hango Kofur ta gilashin shago yana yafito shi daga bakin titi.

"Ga mutuminka can yana kira," in ji tela, yana leƙen madubi.

"Mutuminka dai. Sunkuyar da kanka."

Ko kashe kilifar bai yi ba. Ya ɗaga hannun hagu ya kaɗa bayansa, irin yadda ake korar ƙuda daga bakin kofi, ya taɓe baki, ya koma kan ƙeyar tela.

Kofur tsohon mai ba da hannu ne. A tsakiyar babban titi ya ƙare ƙuruciyarsa, har lokacin da aka kafa danja mai ja da kore aka ce ya je gida ya huta. Bai huta ba. Ya zo ya dasa kansa a mahaɗar layinsu, wata 'yar mararraba da in motoci biyu suka haɗu a cikinta sai an yi labari. Kullum da safe zai fito da wando mai kari, takalmi yana ƙyalli, da farar safar hannu da wanki ya mai da ita ruwan toka, ya tsaya ƙyam kamar an kafa shi. Ya tsayar da mai keke, ya ba mai baro hanya, ya tsare mace da kwandon kasuwa don kyanwa ta wuce. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya iya hana shi.

Duk wannan da sauƙi a wurin mai aski. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne Kofur ba ya kiran mutum da baki. Yatsu biyu zai ɗaga, ya lanƙwasa su, ko sunanka bai ambata ba. In ka zo sai ya nuna maka laifinka da haɓa: bokitinka ya shiga titi, allon shagonka ya karkace. Wata rana surukin mai aski yana zaune a shagon, Kofur ya yi wa mai askin wannan kira. Ya fita da saurinsa, yana zaton wani abu ne babba. Kofur ya nuna masa gashin da ya share cikin kwata, ya nuna tsintsiya, ya juya ya ci gaba da ba da hannu. Surukin ya yi dariya har da riƙe ciki. Tun daga ranar mai aski ya rantse ko gobara ce ta kama layin, yatsun nan biyu ba za su sake fitar da shi ba.

Shi kuwa mai aski yana ji da kansa a kan abu ɗaya: ya iya karatun mutane. Ya daɗe yana kallon layin ta wannan gilashi, ba ya jin abin da ake faɗa, amma a ganinsa bai rasa komai ba. Ya san in mai shagon waya ya fara sosa kunne ƙarya yake shirgawa. Ya san in direban tasi ya dafa kafaɗarka roƙo zai biyo baya. Yakan ce wa masu zuwa aski, "Baki ai kowa ya iya gyara shi. Ku bar ni da hannu da ido."

"Kai, anya lafiya?" in ji tela. "Dubi, yanzu da hannu duka yake yi."

Mai aski ya ɗan waiwaya. Gaskiya ne. Kofur ya buɗe tafin hannunsa gaba ɗaya yana jawo iska zuwa ƙirjinsa, hannun hagu kuma ya damƙe gaban rigarsa, rigar da ba ya yarda ko ƙura ta taɓa. Idonsa na kan shagon.

"Sabon salo ne," in ji mai aski. "Gobe da ƙafa zai kira mu. Wataƙila inuwar shagona ce ta shiga masa titi."

Tela ya yi dariya. Mai aski ya sake kaɗa bayan hannu, wannan karon da ƙarfi don a gani da kyau, ya juya wa gilashin baya.

Yana gyara gefen kunne ne tela ya ce a hankali, "Ya zauna fa."

"Wa?"

"Kofur. A bakin kwata."

Kilifar ta tsaya. Ba wanda ya taɓa ganin Kofur a zaune a waje, ko a kan kujera, balle a ƙasa. Kafin mai aski ya ce wani abu, ihun mai lemo ya ratso gilashin. Ita ce matar da ke da tebur a tsallake, fuskarta na kallon shagon aski, bayanta ga mararrabar. Ta ture teburin da ƙugu, lemo ya watse yana gangarawa ƙarƙashin motoci.

Suka fita. Tela da ƙyalle a wuya da rabin kai, mai aski da kilifa a hannu, wayarta na jan ƙasa. Kofur ya riga ya kife gefe ɗaya. Hularsa ta faɗi, bakinsa a buɗe, numfashin yana fita da wani ƙara kamar ana jan tebur. Mai lemo ta tallafe kansa tana kiran "Baba! Baba!" Aka tare wata motar kaya, mutum huɗu suka ɗaga shi. Ashe ba nauyi gare shi ba, duk tsayuwar ce ta sa ake masa kallon ƙato.

Motar na tashi mai lemo ta miƙe tana kakkaɓe zani. Ta dubi mai aski daga fuska zuwa hannun hagunsa, ta tsaya a hannun. Ta duƙa ta fara tsince lemonta.

Kafin rana ta karkata labari ya dawo: bai kai ƙofar asibiti ba.

Ɗakin Kofur yana bayan shagon fenti, ɗaki ɗaya da 'yar baranda. Washegari maƙwabta suka cika tsakar gidan. Mai aski ya je, don kada a ce bai je ba, ya samu gefen benci ya zauna inda yake hango cikin ɗakin: gadon ƙarfe an ja zanin har ba ko tattara ɗaya, dutsen guga a kan kujera, usur a rataye jikin ƙusa, da hoton wani saurayi siriri cikin kaki, hannunsa a sama.

Ya zauna yana kallon mutane, yana tsaki a cikinsa. Ga mai shagon waya, wanda kullum yake kwaikwayon tafiyar Kofur don ya ba 'yan mata dariya, yau ya dafe ƙirji yana girgiza kai kamar kan zai cire. Ga matar mai fenti, wadda ta sha murguɗa wa tsohon baki ta bayansa, ta zabga tagumi da hannu biyu, tana satar kallon masu shigowa don ta tabbatar an gan ta. Direban tasi kuwa, wanda ya taɓa watsa wa Kofur yatsu biyar ta tagar mota, shi ne ya fi kowa baki.

"Wallahi jiya da safe ya ɗaga mini hannu," yake cewa. "Ashe sallama yake yi mini ban sani ba."

"Tsayar da kai ya yi, ka ƙi tsayawa," in ji mai aski a ransa. Ya dai dube shi sama da ƙasa ya kau da kai.

Ɗan Kofur ya iso tun da safe daga garin da yake aikin walda. Dogo ne kamar uban, hannuwansa duk tabon wuta. A layin ya tashi, mai aski ne ya yi ta yi masa aski tun yana zama a kan katako a saman kujera. Yana bin mutane yana amsa gaisuwa, muryarsa a dashe. Da hayaniya ta lafa sai ya ce, "Don Allah, wa ke kusa da shi lokacin? Bai ce komai ba?"

Tela ya shiga duba farcensa. Direban tasi ya tuna yana da tari.

Mai lemo na zaune a bakin ƙofa. Ba ta ɗago hannu ba, ba ta buɗe baki ba. Leɓɓanta kawai ta turo gaba, ta zunɗo ƙarshen bencin, ta mai da su. Abin bai kai ƙiftawar ido ba, amma duk tsakar gidan an gani. Wanda ke zaune kusa da mai aski ya ɗan matsa, kamar yana gyara zama.

Mai aski ya tashi ya tafi shago. A hanya yana ta faɗa shi kaɗai. Ita wace ce? Ita da ke taku kaɗan da Kofur, tana can tana feraye lemo tana ƙirga kuɗin mutane da ido. Shi likita ne? Ko da ya fita me zai yi, ya yi masa aski? Mutum ya shekara yana kiran jama'a kamar karnuka, ranar da ya yi kiran gaske kuma sai a ce laifin wani ne?

Kwanakin da suka biyo baya ba wanda ya ce masa uffan. Ana gaishe shi, amma da haɓa, daga nesa. Tela ya je wani layin aka ƙarasa masa kan.

Ranar da ɗan Kofur zai koma, da hantsi, ya turo ƙofar shagon da jaka a kafaɗa. Ya ajiye ta ya hau kujera.

"Kawu, gemun nan za ka sauke mini."

"To, ɗana. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

Mai aski ya ɗaura masa ƙyalle, ya kaɗa kumfa, ya shafa. Ya sa sabuwar reza. Ya sauke kunci ɗaya tas, ya ɗaga masa haɓa da yatsa zai shiga wuya.

"An ce shagonka Baba yake kallo," in ji ɗan Kofur.

"Haka ne. Ka san Baba, kullum yana kallon wani wuri."

"Me ya yi?"

"Kira dai, irin nasa."

"Nuna mini."

"Haba ɗana, ina tsaka da..."

"Nuna mini, Kawu. Ni ban gani ba. Kai ka gani."

Mai aski ya ajiye rezar a kan tawul. Ya ɗaga yatsu biyu ya lanƙwasa. Ɗan Kofur yana kallonsa ta madubi, bai ƙifta ba.

"Shi ke nan?"

Mai aski ya buɗe tafin hannun dama, ya jawo iska zuwa ƙirjinsa. Ya sake. Hannun hagu ya tashi da kansa ya damƙe gaban rigarsa. Ya ga kansa a madubi a haka, tsaye a bayan yaron, ya yi sauri ya saki rigar.

Ɗan Kofur ya sauke ido daga madubin.

"Tun da nake ban taɓa ganin ya kira mutum haka ba," ya ce. "Ko ni." Ya numfasa. "Kai kuma me ka yi?"

"Ina aiki. Akwai mutum a kujera, ga kilifa a kunne, ka san in ka bar kai rabi..."

"Na ji. Nuna mini abin da ka yi."

Mai aski ya dubi hannun hagunsa. Ya dubi titi. A tsallake mai lemo ta daina feraya, wuƙar na hannunta, tana kallon shagon.

"Ba sai ka nuna ba," in ji ɗan Kofur. "Mai lemo ta nuna mini jiya. Na so ne in gani ko za ka iya yi a gabana."

Ya warware ƙyallen da kansa, ya goge kumfar da shi, kunci ɗaya fes, ɗayan da gemu. Ya ninke ƙyallen gida huɗu ya ɗora a hannun kujera. Ya ajiye kuɗin askin a gefen madubi, ya ɗauki jakarsa.

"Ɗana, bari in ƙarasa maka mana. Haka za ka shiga mota?"

"Bar shi."

Mai aski ya bi shi har ƙofa. "Allah ya jiƙan Baba. Ka gaida gida." Ya miƙa hannu.

Ɗan Kofur ya dubi hannun, irin kallon da ake yi wa abin da aka tsinta a kwata. Ya gyara igiyar jakarsa, ya cusa nasa hannun a aljihu, ya fita.

Mai aski ya tsaya da hannu a miƙe, sannan ya shafa shi a jikin rigarsa, kamar dama abin da ya yi niyya ke nan.

"Ɗan ubansa," ya ce, ya ja tsaki. Tsakin bai fita da kyau ba.

Ya juyo cikin shagon. Kujerar da yaron ya tashi a kai tana ta juyawa a hankali ita kaɗai, tana ɗan ƙara, har ta tsaya tana fuskantar bango.