Mai Dukan Mugu Ta Haifi Mugu

Duk mai maƙiyi a Hong Kong ya san hanyar Gadar Wuyan Dinya. A ƙarƙashinta tsofaffin mata ke zama, kowacce da bulonta, da turarenta, da tsohon takalminta. Ka faɗi sunan wanda ya hana ka sakat, a rubuta a jikin ɗan mutum na takarda, a kwantar da shi kan bulo, a yi ta zabga masa takalmi ana tsine masa har sai ya yi fata-fata. Goggo Mok Siu-ngan ta tsufa a wannan sana'a, kuma ba da wasa take yin ta ba. Ta yarda da takalminta fiye da yadda ta yarda da likita. Abu ɗaya take faɗa wa masu zuwa wurinta: suna kaɗai dukan iska ne, amma in aka haɗa da ranar haihuwar mutum da sa'ar da ya faɗo duniya, to ko yana bayan teku sai ya ji a jikinsa.

A shekarar da nake ba ku labari, gari duka ya haukace a kan wani wasan talabijin mai suna Tukunya Ɗaya, Ludayi Biyu. Labarin gidaje biyu ne masu kamfanin taliya, kakanninsu aminai, jikokinsu kuwa kamar su cinye juna ɗanye. Da an zuba shinkafar yamma sai titi ya yi tsit, kowa ya kafa ido, sandunan cin abinci a tsaye a iska. A cikin wasan akwai wani la'ananne, Szeto Kam-fai. Ya sace sirrin kwaɓin taliyar amininsa, ya haɗa da budurwarsa, ya kori kakarsa daga kamfani ana tsuga ruwan sama, sannan ya juyo ya yi wani murmushi na gefen baki wanda ya sa wata mata a unguwar Mong Kok ta jefi talabijin ɗinta da kwanon miya.

Wanda ke fitowa a matsayin Szeto kuwa, Kwok Chi-pang, ɗan Goggo Siu-ngan ne, ɗaya tilo. Shekara da shekaru yana fitowa a matsayin gawa, ko mai buɗe wa attajiri ƙofar mota, sai yanzu ya samu. Mujallu sun rubuta cewa uwarsa na Kanada tana kiwon furanni, kuma ita da kanta ta ce masa ya faɗi haka, don kada a yi masa dariya. A ƙarƙashin gada ba wanda ya san gaskiya sai mutum ɗaya, Goggo Pun Lai-seung, mai kujerar da ke kusa da tata.

Da, su biyun nan ko kofin shayi sai sun raba. Tare suka koyi sana'ar. Ranar da aka haifi Chi-pang guguwa ta rufe hanyar asibiti, Lai-seung ce ta karɓi haihuwar a ɗan ɗakin haya. Daga baya suka ɓata a kan wa zai zauna a gindin ginshiƙin da masu saukowa daga tarago ke fara gani, Lai-seung ta ci wurin, tun daga nan ko gaisuwa babu. In ɗaya na da magana, sai ta faɗa wa bulonta da ƙarfi, ɗayar ta amsa wa nata.

To, ana nan sai ga wata mata ta zo da hoton da ta yanko daga mujalla, ta dangwara gaban Siu-ngan.

"Goggo, dokar mini wannan ɗan banzan. Ki fara da bakin nan nasa."

Siu-ngan ta duba, ta ga hancin ɗanta, da kunnuwan nan da ta sha murɗawa. Ta ce, "Haba baiwar Allah, ai wasa ne. Ba ki da miji ne? Ba ki da suruka? Kawo na gaske mana."

"Mijina ya kori kakarsa cikin ruwa? Za ki doka ko in ƙara gaba?"

"Kafaɗata na ciwo yau."

Matar ta ƙara gaba, taku biyu kacal. Lai-seung ta karɓi hoton da hannu biyu kamar an ba ta kyautar sabuwar shekara. Ta manna shi a jikin mutumin takarda, ta juya bayansa, ta kare da tafin hannu, ta yi wani ɗan rubutu da jan alƙalami. Sannan ta tofa yawu a hannu ta ɗaga takalmi.

"Na doki kanka, mugu, tunaninka ya zube a kwata! Na doki bakinka, mugu, ka ci taliya ta fito maka ta hanci! Na doki ƙafarka, mugu, ka nemi takalmi ka rasa inda za ka sa!"

Siu-ngan ta kafa wa jan alƙalamin ido. Dukan hoto bai dame ta sosai ba, wannan rubutun na baya ne ya tsinka mata zuciya. Me ake rubutawa a bayan takarda in ba rana da sa'a ba? Kuma duk faɗin duniya, in ka cire ita, wa ya san sa'ar da Chi-pang ya faɗo in ba wadda ta tare shi da hannunta ba?

Kafin mako ya zagayo layin Lai-seung ya kai bakin titi. Ma'aikatan banki da jakunkunansu, direbobin tasi, 'yan makaranta da suka haɗa kuɗin kalaci, har da wani dattijo da ya zo da mujallar sukutum ya ce a doke kowane shafi. Lai-seung ta cinye takalma uku, ta sayi sabon gilashin ido, tana duka tana rausaya kamar mai rawa. Siu-ngan na gefe tana korar ƙuda.

Ta ce wa bulonta, "Wasu dai ba su da kunya. Abin da suka goya shi suke duka."

Lai-seung ta ce wa nata, "Wasu kuma kafaɗarsu ba ta ciwo sai sun ga kasuwar wani ta buɗe."

Da yamma Chi-pang ya bugo waya, muryarsa kamar wanda ya ci caca.

"Mama! Kin san abin da ya faru? Na shiga kasuwa, mai kifi ta ƙi sayar mini! Ta ce in je in ci taliyar sata! Wata kuma ta jefe ni da kabeji. Mama, na yi suna!"

"Kabeji ne sunan? A-Pang, lafiyarka ƙalau? Kanka? Bakinka?"

"Garau nake. Ƙafata ce kawai ta ɗan gurɗe a matakala."

"Ƙafa!" Siu-ngan ta dafe bango. "Wace ƙafar? Yau da rana matar nan ta yi ta dukan ƙafa!"

"Goggo Seung? An ce layinta ya fi na gidan sinima. Ki gaishe ta, ki ce ta ƙara ƙarfi. Mai shirya wasan ya ce in ana dukanka a ƙarƙashin gada, ka gama isa."

"Zan ci maka mutunci, ka ji ko? Takalmi ba abin wasa ba ne."

Ya yi dariya ya ce ta kwantar da hankalinta, saura kaɗan a gama. Gobe ma za a ɗauki ƙarshen Szeto, inda zai faɗo daga rufin kamfani, kuma ya ce ba ya son a sa wani ya faɗo a madadinsa, da kansa zai yi, da igiya a ƙugu.

Gobe! Gobe ce fa ranar farkawar ƙwari, ranar da tsawa ke tashin duk wani abin da ya kwanta, ranar da takalmi ya fi ci a duk shekara. Ɗanta a kan rufi da igiya, Lai-seung a ƙasa da jan alƙalami. Siu-ngan ta ajiye waya, shinkafarta ta huce a kwano ba ta taɓa ba. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba tun yana jariri yana zazzaɓi.

Washegari ƙarƙashin gada ba masaka tsinke. Hayaƙin turare ya sa kowa hawaye, ana ta shafa wa damisar takarda kitsen alade a baki kamar yadda al'adar ranar take, ƙarar takalma kamar ana sussuka. Rabin taron da hoton Chi-pang a hannu. Siu-ngan ta yi niyyar zuwa ta roƙi Lai-seung, ta miƙe, girman kai ya zaunar da ita. Ta sake miƙewa, ta ga jan alƙalami ya sauka a bayan takarda, sai kawai ta tsinci kanta a tsaye kan kujerarta, takalmi a sama.

"Ku dakata! Ku dakata, na ce! Yaron nan ɗana ne!"

Takalma suka tsaya.

"Ni na haife shi! Ba wata Kanada, ban taɓa kiwon fure ba, ko albasa na shuka mutuwa take yi! Sunansa Chi-pang, bai taɓa korar kakarsa ba, shi ya yi jinyarta! Tsoron kyankyaso yake ji! Ku bar mini yaro!"

Wani direban tasi ya ɗaga hoton, ya dubi fuskarta, ya dubi hoton.

"Kai! Hancin ne!"

"Uwar Szeto ce!"

"Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo! Jama'a, wa zai fi uwarsa sanin inda zai ji zafi?"

Ai kuwa sai layin ya juyo gaba ɗaya kamar garken agwagi. Kafin ta sauko daga kujera an kewaye ta, ana tafi, ana ihu, wani na neman ta sa masa hannu a riga, wata na tambaya ko a ƙarshe zai tuba. Aka shimfiɗa hoton a kan bulonta, aka danna mata takalminta a hannu. "Doke shi, Goggo! Tarbiyya ce! Tun yana yaro ya kamata!"

Siu-ngan ta dubi fuskar ɗanta a kan bulo, da murmushin nan na gefen baki wanda ta san a gaban madubin banɗakinta ya koya. Ta zo ceto ta ƙara wa wuta mai, yanzu ga shi ita ake jira ta kai duka. Sai ta fashe da kuka, baki buɗe, kamar yarinya.

"Ku matsa, ku matsa, 'yan kallon banza!" Lai-seung ce ke ture mutane da gwiwar hannu. Ta tsuguna gabanta, ta cire sabon gilashin, ta yi ƙasa da murya. "Ke Siu-ngan, rufe bakin nan, ƙuda zai shiga. Mene ne?"

"Kin rubuta sa'arsa. Ina kallonki. Yau yana kan rufi, Lai-seung, da igiya. Ki riƙe ginshiƙin, ki riƙe kasuwar, na bar miki har abada. Ki bar mini shi."

Lai-seung ta yi mata wani kallo, ta zaro takarda ɗaya daga aljihu ta juya bayanta. "Karanta, in idon bai mutu ba."

Siu-ngan ta share hawaye ta duba. Shekarar ba ta Chi-pang ba ce. Ta girme shi nesa ba kusa ba.

"Wannan ai tsoho ne."

"Tsohon banza kuwa. Mijina ne, wanda ya tsallaka birnin Shenzhen da matar da ke yi masa aski ya bar ni da hayar gida. Tun da aka fara wasan nan shi nake jibga, mutanen gari na biyana. Hoton don idonsu ne kawai." Ta ƙara matsowa. "Ni na fara ɗaukar yaron nan kafin ke, kina kwance kina ihu. Ni na yanke masa cibi da almakashin ɗinki. Shi zan doka? Ashe haka kika ɗauke ni?"

Kunya ta rufe Siu-ngan, ga daɗi kuma kamar ta tashi sama. Ta kamo hannun Lai-seung ta riƙe gam, dariya da majina suka haɗe mata.

"To ƙafarsa da ta gurɗe fa?"

"Tun yana rarrafe yake faɗuwa a matakala, gadon ubansa ne."

Taron ya fara gajiya. Direban tasi ya leƙo ta saman kawunansu. "Goggo, za a doka ne ko mu koma wancan layin?"

Siu-ngan ta ja majina, ta gyara zama. Ta ɓamɓare hoton ɗanta daga jikin takardar a hankali, ta sa a aljihun rigarta, ta ce wa jama'a uwa ba ta buƙatar hoto, ta san fuskar. Aka yi shewa. Sannan ta matsa gefe ta bar wa Lai-seung rabin kujerar, ta miƙa hannu ba tare da ta juyo ba.

"Yaya Seung, ara mini jan alƙalamin. Da safe aka haifi ɗan banzan mijin nan naki ko da yamma?"