Sharaɗin Da Suka Soke

...ko shekara biyu ce na yarda, Uwar yara, abin da na zo faɗa musu ke nan. Biyar ta yi yawa. In bar aikinsu, kuma in yi shekara biyar ban ba wani kamfanin haƙar burtsatse shawara ba — har da na 'yar cikina? Auta ta sayi injin haƙa, kin sani... a'a, ba ki sani ba, kin riga kin tafi. Gidanta ta jinginar. Tana ƙasa cikin mota tana jirana. Ta ce, Baba, kai ne jarina, kada ka sa hannu sai sun rage shekarun.

Sanyin ofishin nan har cikin gwiwa. Manajan ɗalibina ne — ni na koya masa ɗanɗana ƙasa da harshe, ya tofar yana yamutsa fuska — yau ga shi yana juya kujera, yana kirana Farfesa kamar mai kiran kyanwa. Lauyarsu a gefe, da jan biro.

Ina ta bayani a hankali. Ilimi ba rijiyar gida ba ce da za a yi mata murfi da kwaɗo. Abin da ke kaina na tara shi tun ba a san da kamfaninku ba, tun ina bin duwatsu da guduma... gudumar nan da kika ƙwace kina kafa ƙusar labule, ina ta shiga?

"To Farfesa," in ji manajan, "filin da muka duba tare makon jiya, a wane dutse za mu tarar da ruwa?"

Makon jiya? Mun je wani fili? Dutsen... mai ƙyalli, mai ɓarewa kamar albasa... ga sunan nan a bakina, littafi guda na rubuta a kansa. Ina murmushi. Suna jira. Sai na ji bakina yana cewa ilimi ba rijiyar gida ba ce — lauya ta dubi manaja. Na faɗa ɗazu ke nan? Sau nawa?

"Soke sharaɗin," ya ce mata, ko rage murya bai yi ba. "Duka. Tulun da ya tsage wa zai yi gadinsa? In masu gasa da mu suna so, mu kai musu shi har ƙofa."

Jan layi ɗaya. Na yi godiya, Uwar yara. Da hannu biyu na karɓi takardar.

Matakala... ƙasa zan yi ko sama? Ga Auta can ta leƙo ta tagar mota, tana ɗaga yatsu — shekara biyu? uku? Babu ko ɗaya, 'yata, sun sake ni. Za ta yi tsalle. Gobe ta kai ni fili, injin yana ruri, ma'aikata sun zuba mini ido, ta ce, Baba, a ina za mu haƙa?

Ni kuma in ɗaga hannu in nuna... a ina?