Tumakin Direba a Bakin Fadama

Bayan rasuwar matarsa, 'yarsa ta matsa wa tsohon direban ya bar garinsu mai rairayi ya dawo wurinta. Ya ce zai zo, amma da tumakinsa. Farare ne dogaye, kunnuwansu kamar tafin hannu, irin da ya gada wurin mahaifinsa.

Gidan 'yar yana bakin fadama, inda ƙasa ba ta bushewa. Ranar da aka sauke tumakin daga mota, tsohon ya leƙa ta katanga ya ga na maƙwabciya, wata dattijuwa da kowa ke kira Gwaggo. Gajeru ne baƙaƙe, cikinsu kamar zai taɓa ƙasa.

"Gwaggo, waɗannan tumaki ne ko kuliyoyi?"

"Bari damina ta sauka, Direba, mu ga na wa za su yi kuka," ta ce tana dariya.

Damina ta sauka. Kofatan fararen suka fara ruɓewa a laka, sai ɗingishi, sai zawo. Ya kwashe su zuwa rumfa, ya shimfiɗa musu busasshiyar ciyawa, duk da haka babbar tunkiyar ta mutu a hannunsa. Na Gwaggo kuwa suna tsakiyar caɓi suna kiwo, ko tari babu.

'Yarsa ta kira likitar dabbobi. Likitar ta duba kofato, ta buɗe idon wata tunkiya ta ga ya yi fari fat.

"Baba, ba sakacinka ba ne. Tsutsar ciki ce ta wannan ciyawar. Na maƙwabciyarka tun kaka da kakanni suke fama da ita, jikinsu ya iya ta. Naka zafi da ƙishi suka iya. Magani zai taimaka, amma baɗi ma haka za a yi."

Ta ba shi shawara ya haɗa su da ragon Gwaggo. Tsohon ya juya ya kalli tumakinsa. Yana tunanin idan ya yi haka, nan gaba ba wanda zai kalli garken ya gane na mahaifinsa ne.

Ya daɗe yana juya maganar. Daga ƙarshe ya ware masu ƙarfin cikinsu, ya sa a mota aka mayar wa ƙanensa can gida, don kada irin ya ɓace. Sannan ya sa hula ya yi sallama a ƙofar Gwaggo, yana shirin shan ba'a.

Ba ta yi masa ba. Ta ja shi bayan gida ta nuna masa 'ya'yan bana, ƙanana, wani ƙafarsa a karkace.

"Jini ɗaya ke ta zagayawa a garken nan, uba ya hau 'ya, ɗa ya hau uwa. Tun zuwanka nake kallon farin ragonka, kunya ta hana ni magana."

Suka yi musayar raguna.

'Ya'yan da aka haifa dabbare-dabbare ne, ba dogaye ba, ba gajeru ba. Da ruwa ya dawo, wasu suka yi ɗingishi, wasu ko a jikinsu. Tsohon yakan zauna bakin rumfa yana lura da su, yana zaɓen waɗanda zai bari su hayayyafa.

Wata safiya 'yarsa ta same shi yana murza gwiwa.

"Baba, kai fa, ka saba da garin nan?"

"Gwiwata dai ba ta saba ba," ya ce. "Miƙo min lauje, sun fara kuka."