Saman Kek Na Gwaggo Ne

Kawu Maikolo ne ya ce mu zo. Da bakinsa ya faɗa a waya: 'yarsa Lesieli za ta auri wani Bature a Sidni, kuma ba zai yi biki babu gwaggon amarya ba. Gwaggon ita ce mahaifiyata, babbar yayarsa. A wurinmu a Tonga babu wanda ya kai ta girma a irin wannan rana, ko uban amarya, ko fasto.

Inna ta kwashe watanni tana bugun ɓawon itace da matan unguwa, har suka haɗa ngatu, ƙyallen da ake shimfiɗa wa amarya. Ni na naɗe shi, ni na saɓa.

Tafiyar ba ta yi daɗi ba. Teku ta tashi, jirgin ruwa ya ƙi barin tsibirinmu na Ha'apai. Da ya tashi, Inna ta yi ta amai har Nuku'alofa, babban birninmu. Jirgin samanmu ya riga ya wuce, muka bi wani. A filin jirgin Sidni aka buɗe kwalinmu, aka ga doya da kifi da ganyen gwaza da muka gasa a rami, aka juye a shara muna kallo. Ngatu kuwa bai fito ba sam. Wata mata ta duba na'ura, ta ce wataƙila ya bi wani jirgin.

Kawu bai zo tarbarmu ba. Na kira shi.

"Ku hau jirgin ƙasa," in ji shi. "Ina wurin tela."

"Kawu, ngatun ya ɓace."

"Gara ma. Ina ango da amarya za su kai shi? Ɗaki biyu ne gidan nasu."

Muryarsa ta fito sosai. Inna ta ji. Ta gyara tabarmar da ke ɗaure a ƙugunta, irin wadda muke ɗaurawa a kan tufafi don girmamawa, ta ɗauki jakarta. 'Ya mace ba ta cacar baki da ɗan'uwanta. Ni kuwa na ajiye maganar a ciki.

Ranar biki, bayan coci, aka tafi wani zaure a bakin ruwa. Kowace kujera da sunan mai ita. Na nemi na Inna a teburin amarya, babu. A can ƙarshe na same shi, bakin ƙofar kicin, tare da abokan aikin ango. Ɗaya daga cikinsu ya kalli tabarmarta, ya tambaye ni ko ita ce za ta yi musu rawa.

Na sami Kawu yana gaisawa da baƙi.

"An yi kuskure a kujerar Inna."

"Lisiate, nan ba gida ba ne. Uwar ango ce ta tsara. Kada ka ja min magana."

"Ka gaya mata wace ce Inna?"

Ya dafa kafaɗata yana yi wa wani murmushi. "Je ka ci abinci, ɗana. Akwai nama."

Na koma na zauna. Ban ci ba.

Aka turo kek mai hawa biyar. A gida, hawa-hawa ake sauke shi ana kiran suna, na sama kuwa ba a ma tambaya, na gwaggo ne. Inna ta goge hannunta a hankali, ta gyara zama. Sai uwar ango, Noelene, ta karɓi abin magana. Ta ce a al'adarsu hawan sama na ango da amarya ne, za a sa a firji sai sun cika shekara. Turawa suka tafa. Mutanenmu ba wanda ya tafa. Duk suka juyo suna kallon teburin bakin kicin. Inna ta sunkuyar da kai. Kawu yana duba agogonsa.

Akwai abin da ya manta, ko ya ɗauka na manta. Ni ɗan yayarsa ne. A al'adarmu, duk abin da ke ƙarƙashin ikonsa, in na miƙa hannu ya zama nawa, kuma ba shi da bakin magana. Tun ina yaro ban taɓa ɗaukar masa ko kwakwa ba.

Na tashi. Na bi tsakiyar zauren, ba sauri. Na sa hannu biyu na ɗago hawan sama, har da 'yan gumakan ango da amarya da ke kai.

"Kai! Kai, saurayi!" in ji Noelene. "Ina za ka kai shi?"

Ban waiwaya ba. Na kai shi gaban Inna, na durƙusa, na ajiye.

Noelene ta biyo ni, fuskarta ja. "Maikolo, wane ne wannan? Ko dai ya sha ne? A kira masu gadi."

Wani ƙato mai baƙar riga ya taso daga ƙofa. Wata tsohuwa 'yar ƙasarmu daga tsibirin Vava'u ta ɗaga murya da harshenmu: "To, Maikolo, ga mu nan. Sa a kama ɗan yayarka mu gani. Kafin a kwashe kwanoni labari ya isa gida."

Aka yi dariya a ɓangarenmu, irin wadda ba ta daɗi. Lesieli ta riƙe hannun ubanta. "Baba, ka gaya musu mana."

Ya tsaya gumi na zubo masa. Ya kalli surukansa, ya kalli mutanenmu. Na bar shi ya daɗe a haka. Da ƙyar ya karɓi abin magana.

"Yayata ce," in ji shi da Turanci. "Ta fi ni. Ta fi kowa a nan. Kek ɗin nata ne."

"Ba mu ji ba," in ji tsohuwar.

Ya maimaita da ƙarfi. Noelene ta ce, "Me ya hana ka faɗa tun farko? Da a kusa da ni zan zaunar da ita." Ita ma yanzu shi take harara.

Ya zo gaban Inna. Ƙani ba ya tsayawa a kan yayarsa tana zaune. Ya ja wandon kwat ɗinsa, ya zauna a ƙasa, ya tanƙwashe ƙafa, masu rabon abinci suna kewaye shi da faranti. Inna ba ta dube shi ba. Ta nemi wuƙa, ta yanki kaɗan, tana ci a hankali.

Zuciyata ba ta gama sanyi ba. Na duba ƙafarsa.

"Kawu, takalman nan sababbi ne?"

Ya ɗago ido. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya sunkuya, ya fara kwance igiya.